Haƙorin da Tani Ta Cike

Litinin, 6 ga Mayu, 2024

Matauni na hagu ya fashe a kan tsakuwa cikin gyaɗa. Kogo ya bayyana, kanumfari ya kasa. Shi kaɗai ya rage mini a ɓangaren nan. In ya tafi, ni da nama sai kallo.

Laraba, 8 ga Mayu

Aminina Halliru ya ce in je Rogo a cire kawai. Uwar yara ta ce ina da likitar haƙori a Karaye, me zai kai ni? Tani take nufi, 'yar farina, wadda ko sunanta na yanka ba na faɗa. Shekara talatin ban haɗa ido da ita ba, yau zan kwanta in hangame mata baki?

Alhamis, 9 ga Mayu

Na je. Ta durƙusa ta gaishe ni, sannan ta ce ba cirewa za a yi ba, ciko ne fari, kalar haƙori. Ta kankare ruɓar, ta tare yawu da auduga, wai jiƙewa ce ke lalata aikin. Kaɗan-kaɗan take sa shi, kowane sawu ta haska shuɗiyar fitila ya daskare. Idona a rufe har aka gama.

Ta sa mini takarda irin kabon ɗinmu na ofishin hakimi, ta ce in cije, ta tambaya ko ya yi daidai. Na ji tudu. Na ce ya yi. So nake in tashi.

Lahadi, 12 ga Mayu

Ko tuwo ba ya taunuwa. Halliru na dariya. Na bari ya zargi aikinta. Wannan ya fi haƙorin ciwo.

Talata, 14 ga Mayu

Na koma na faɗi gaskiya. Ba ta yi fushi ba.

"Baba, hannuna ba ya jin abin da bakinka ke ji. Sai ka gaya mini."

Ta goge tudun, na cije, ta sake gogewa. Sau uku ina cewa da saura, kuma ban mutu ba.

Wannan karon na buɗe ido, don fitilar ba ta dame ni ba, ina jin shi ke nan dalili. Akwai tsohon tabo a girarta ta dama. Na tambayi uwarta da na dawo. Ta ce tana shekara shida ta faɗo daga bishiyar mangwaro, a tsakar gidan nan, ina zaune a zaure.