Bangon Ɗakin Inna

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana lafiya, da Inna da maiɗakinka da 'yan rigimata.

Ga zanen gidan da za ka gina nan na ba direban mota ya kawo maka. Na gama shi tsakanin aikin ofis da harare-hararen ogana, saboda haka in kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba, sai ka yi haƙuri da aikin kyauta. Na matsar da kicin baya kamar yadda maiɗakinka ta so. Ɗakin Inna na jikin falo, tagarsa na duban tsakar gida, banɗakinta ba shi da mataki ko ɗaya saboda gwiwarta.

Maganar da ka yi mini a waya kuwa, cewa falon ya yi ƙanƙanta, a yi bangon da ke tsakaninsa da ɗakin Inna yadda wata rana za a iya cire shi, na yi. Ban ɗora masa nauyin rufi ba, ginshiƙai ne za su ɗauka. A manhajar da muke zane da ita, aiki hawa-hawa ne, kamar a jera takardu masu shara-shara, kowanne muna ce masa leya: na bango daban, na wayar lantarki daban. Na buɗe wani leya na sa wannan bayanin a ciki na kashe shi don kada ya fito, daga ni sai kwamfutata.

Ka nuna wa Inna ɗakinta, ka ce mata autarta ce ta zana. Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Saƙo ya iso. Na zaɓi in rubuto ne domin a waya zan iya faɗin abin da zan yi nadama.

Ban warware takardar ba, na miƙa wa Inna na fita aiki. Kin san ba ta karatu, amma jikokinta sun koya mata gane kalma ɗaya, wato Inna. Ranar ta yi baƙi, ƙawayenta da Kawu tela. Ta shimfiɗa zanen a kan tabarma tana bin sa da yatsa har ta samo sunanta a tsakiyar ɗaki. Sai ta sake ganinsa a jikin wani jan layi mai ɗigo-ɗigo. Maiɗakina ta ce dariya ta yi, ta ce wa Kawu, "Duba mini nan, sunana sau biyu. Ɗaki biyu yaran nan suka ba ni?"

Kin san Kawu da son a ji ya iya karatu. Ya gyara tabarau ya karanta da ƙarfi, bai gane inda maganar ta dosa ba sai da ya kai ƙarshenta: "Bangon wucin gadi. A rushe bayan ran Inna."

An ce ita ce ta fara magana, ta tambayi baƙin ko a ƙaro musu ruwa. Washegari ta ce za ta je ta kwana biyu a gidan Kawu. Ta ɗauki zanen, ta ɗauki carbinta da maganin gwiwarta, har yau ba ta dawo ba. Magini na jira a zuba fandisho, ni kuwa ban san ko mai ɗakin za ta yarda ta shige shi ba.

Ni "wata rana" na ce miki. Ban ce ki rubuta haka ba. Shawarata ita ce ki rubuto mata cewa kuskuren na'ura ne, rubutun daga zanen gidan wasu ya faɗo. Ki hanzarta.

Yayanki

*

Yaya,

Na gaishe ka, in har gaisuwata na da sauran daraja.

A tsaye na karanta wasiƙarka a ƙofar ofis, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na koma na buɗe zanen. A fuskar kwamfuta babu komai, tsaf yake. Ashe a wurin bugawa ne na zaɓi a fito da dukkan leya, don kada magini ya rasa layin famfo. Ni da nake yi wa sababbin ma'aikata faɗa a kan su duba takarda kafin su naɗe ta, ranar ina sauri kada direba ya tashi, na naɗe ta da zafinta daga firinta.

Kunya ta hana ni cin abinci. Ina ta ganin yatsan nan nata yana bin layi. Da shi ta riƙa nuna mini lambobi a jikin kalanda ina ƙarama, tana cewa in yi karatu in gina mata ɗaki.

Gaskiya ne, ni na rubuta kalmomin. Amma Yaya, mu ji tsoron Allah. Wace rana ce "wata rana" ɗin? Ranar da Inna za ta yi aure ta tare? Kai ka faɗe ta da lulluɓi, ni na rubuta ta tsirara, don a aikinmu ba a barin magini da kacici-kacici. Ni da kai duk kanwar ja ce.

Ƙaryar na'ura kuwa ba zan iya ba. Matar da take gane wanda ya taɓa mata tukunya daga yadda aka mayar da murfi, ita za mu yi wa wannan? Na goge jan layin, na mayar da bangon cikakke, na buga sabo. Ga shi nan. Ka kai mata da hannunka. Na kira lambar Kawu, ina jin ta fara ƙara na kashe.

Ƙanwarka mai jin nauyi,
Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Kin yi gaskiya, kuma ban ji daɗinta ba.

Na je. Na daɗe a shagon Kawu ina kallon keken ɗinki kafin na iya shiga ciki. Da zagina Inna ta yi da na samu sauƙi. Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta ce na rame. Na buɗe baki in ba da haƙuri, sai na ji ina yi mata bayanin tsadar siminti. Da girmana da furfurata.

Na ba ta sabon zanen. Ta ajiye shi kusa da tsohon, ta daɗe tana duban su biyun. Ta ce in bari, za ta sa a rubuta mana amsa mu biyu. Na sallami magini sai yadda hali ya yi.

Yayanki

*

Zuwa ga Babba da Auta,

Ni ce Innarku nake faɗa, Kawunku na rubutawa. Na ce ya karanta mini in ya gama, a hankali wannan karon. Ina gaishe ku, Allah ya yi muku albarka.

Mutuwa ba zagi ba ce. Na riga ku sanin tana tafe, kuma mai gini da ya yi tunanin gobe bai yi laifi ba. Na ji kunya a gaban mutane, ba zan ɓoye ba. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne takardu na ta wucewa ta kan kaina a kan ɗakina, babu wanda ya zauna ya tambaye ni.

Sabon zanen ban karɓa ba. Kun toshe ni da bango don ku huce kunyarku. Auta, ki dawo da jan layinki, ki buɗe mini ƙofa mai faɗi a cikinsa, wadda zan riƙa ganin jikokina daga kan gado. In falon zai yi faɗi, ina so in ga faɗinsa da idona.

Sunana kuma ki goge ɗaya, ki bar na tsakiyar ɗaki. Ki kawo takardar da ƙafarki, ba ta hannun direba ba.

Babba, ka kira magini.

Ku huta lafiya.
Innarku