Sunayen da Suka Kuɓuce wa Mba

Savelugu, 9 ga Maris, 2021

Yaya Azindoo,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka na jirgin kamun kifi. Waya ba ta samunka a teku, shi ya sa na rubuta. Wasiƙar za ta jira ka a tashar Tema.

Mahaifinmu, Mba, ya warke daga korona. Kwana goma sha tara ya yi a asibiti a Tamale da robar iska a hanci. Tari ya tafi, yana cin tuwonsa da miyar ayoyo, har ya koma yi wa awaki faɗa. Amma Mba ɗin da ya dawo ba shi ne ya tafi ba.

Ranar Asabar aka gayyace shi kiɗan makokin Alidu mahauci. Ya rataya kalangu, ya fara jero kakannin mamacin kamar yadda ya shekara hamsin yana yi. Da ya kai na huɗu sai baki ya tsaya. Hannu yana kiɗa, baki shiru. Ya dinga duban mutane ɗaya bayan ɗaya, kamar wanda ya ba wani ajiya ya manta ko wane ne. A hanyar gida ya ce mini, "Napari, wa ya rasu ne?"

Likita ya ce ana ganin haka ga wasu tsofaffi bayan cutar, wasu kan farfaɗo, wasu kuwa a'a. Ina roƙonka ka zo gida.

Ƙanwarka,
Napari

Tema, 2 ga Afrilu

Malama Napari,

Wa alaikumus salam. Na sauko jiya, jikina duk ƙarnin kifi, na tarar da wasiƙarki mai kama da takardar jarrabawa. Allah ya ƙara wa Mba lafiya.

Ke ma dai! Mutum ya haura saba'in ya manta kakan mahauci, sai a tayar da gari? Ni da nake da arba'in jiya na nemi hulata tana kaina.

Batun zuwa kuwa, kin san inda aka kwana. Ranar da na ce ba zan gaji kiɗa ba, a gaban 'yan'uwansa makaɗa ya tsinke tsarkiyar kalanguna da wuƙa, ya ce shi ba shi da ɗa namiji. Shekara goma sha ɗaya ke nan, ko gaisuwar Salla bai taɓa amsa mini ba. Ki ɗauki muryarsa a waya kafin sauran sunayen su gudu. Wannan ita ce shawarata.

Ki gaida 'yan makarantarki.

Azindoo

Savelugu, 20 ga Afrilu

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ba sai na ɗauki muryarsa ba. Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Duk lokacin da yake koya maka a zaure kana gyangyaɗi, ina bayan katanga ina tsintar shinkafa. Sunayen nan duk suna kaina.

Makon jiya aka sake kiransa wani makoki. Na ce kada ya je, ya ce, "Ke kika haife ni?" Sai na bi shi, na tsaya a bayansa kamar mai riƙe masa ruwa. Duk inda ya kakare sai in raɗa masa sunan, ya ɗauka ya ɗora. Muka kai ƙarshe lafiya. Amma baffanmu Wumbei ya gani. Ya same ni a bakin ƙofa ya ce, "Yaushe mace ta fara ba makaɗi kirari a baki? Gara ya ajiye kalangun." Mba ya ji shi. Ya ce, "Wumbei, kai da kake namiji, faɗi kakan Alidu na huɗu mu ji." Baffa ya gyara hula ya wuce.

Ga abin da ya fi damuna. Kullum da safe, in na kai masa koko, sai ya ce, "Azindoo bai dawo daga kasuwa ba?" Yana ajiye maka rabin ƙosansa a kwano. Yaya, ya manta kun yi faɗa.

Taka,
Napari

Tema, 11 ga Mayu

Napari,

Na karanta wasiƙarki sau uku a bakin ruwa. Wannan karon ba ni da abin tsokana.

Shekara goma sha ɗaya ina shirya abin da zan faɗa masa, yanzu kin ce wanda zan faɗa wa ba ya nan. In na zo na durƙusa, gafarar me zan nema wurin wanda bai san an yi ba? Ni kuma wa zai ce mini yi haƙuri? In ci rabin ƙosai in yi kamar daga kasuwa nake? Ban sani ba ko zan iya.

Jirginmu zai sake fita ranar ashirin da biyar. Ban sa hannu a takardar tafiyar ba tukuna, ban kuma ƙi ba.

Kin yi ƙoƙari, ƙanwata. Ashe ke ce makaɗiyar gidan.

Yayanki

Savelugu, 17 ga Mayu

Azindoo, ɗana,

Ina gaishe ka. Ni ne ubanka nake faɗa, Napari tana rubutawa.

Na sa ta karanta mini wasiƙarka, don na gan ta tana kuka a kanta. Yau kaina a sarari yake. Na tuna wuƙar, na tuna abin da na faɗa, na tuna waɗanda ke zaune a wurin. Ni na yi laifi. Ka yi haƙuri.

Na ce ta rubuta yanzu-yanzu, don ban san abin da zan tashi da shi gobe ba. In ka zo na tambaye ka labarin kasuwa, kada ranka ya ɓaci. Ka riƙe takardar nan, ita ce maganata.

Allah ya kawo ka lafiya.

Ubanka,
Iddrisu Makaɗi