Fuskar Baba Bayan Rasuwar Inna

Litinin, 3 ga Maris
Wata biyu da rasuwar Inna. A shago wata mata ta gwada rigar da na ɗinka mata, ta ce ta yi, ta tafi. Har na ji daɗi. Sai uwar ɗakina ta ce wai ban ga yadda matar ta ɓata rai ba? Ban gani ba. Tun ina yarinya magana nake ji, fuska kuwa ba ta gaya mini komai. Inna ce take raɗa mini: wannan fushi yake, wancan kunya ce, yi shiru. Yanzu wa zai raɗa?

Laraba, 5 ga Maris
Na kai wa Baba abinci. Ya ce lafiyarsa lau. To.

Asabar, 8 ga Maris
Yaya ta zo ta wanke ni tas. Ashe Baba ya daɗe ba ya cin abin kirki, kajin maƙwabta yake juye wa, ni kuma kullum ina gabansa kamar dutse. "Ke ba ki da ido ne?" Ina da shi. Na ga wandonsa ya yi masa yawa, har na rage ƙugun, ban kawo komai a raina ba.

Na yi kuka a banɗaki. Daga baya na tuna ita ma muryarta rawa take. Tsoro ne ko faɗa, oho.

Lahadi, 9 ga Maris
Na zauna gabansa na ce, "Baba, ka san ba na gane fuska. In ka ce lafiya, yarda zan yi. Don Allah ka faɗa mini da baki."

Can ya ce shekara arba'in bai ci abinci ba tare da Inna a kusa ba, yanzu loma ba ta wucewa. Na tashi na ɗauko cokali na biyu.

Alhamis, 20 ga Maris
Tare muke ci yanzu. Ya ce tambayata ta fi ta likita yawa. Ya yi dariya, na tambaya ko ta gaske ce, ya ce ta gaske.

Talata, 1 ga Afrilu
Ina yanka yadi a gida da yamma, Baba ya zo wucewa ta ƙofar ɗakin Inna ya tsaya, hannunsa a kan labule. Bai ɗaga ba, bai saki ba. Ban tambaye shi komai ba. Na ajiye almakashi na je na tsaya kusa da shi, ya dafa kafaɗata.

Wataƙila dai dace na yi.