Igiyar Cajar Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa ce ta girmamawa daga ƙanwarka, tare da addu'ar Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah Ya ƙara maka lafiya da buɗi, Ya tsare ka a wajen aiki da kan hanya, Ya sa sanyin can bai tayar maka da ciwon ƙirjinka ba. Mu ma nan lafiya lau, sai godiya. 'Yan biyu sun fara tafiya, yanzu babu abin da ya tsira a gidana, jiya takalmin maigida na tsamo daga bokitin wanki. Gwaggo tana nan wajen Baba da ciwon gwiwarta da kuma bakinta. Gwiwar ta yi sauƙi, bakin kuwa yana nan yadda ka bar shi.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda daga wadda ta saba cika maka waya da saƙon murya. Na sha ɗaukar wayar, amma da na zo dannawa sai muryar ta ƙi fita. Maganar Baba ce, kuma maganar idonsa ce. Kada hankalinka ya tashi fiye da kima, yana nan a kan ƙafafunsa, yana ci yana sha, yana faɗa da kowa kamar yadda ya saba. Amma ka nemi wuri ka zauna, zan ba ka labarin tun daga farko, yadda ni ma ya zo mini.

Ka tuna saƙon da ka turo cewa kana jiran sabuwar laftof ta fito ka saya wa Baba, ya huta da tsohuwar nan da ka aiko masa tun kafin aurena. Ka haɗo da labarin da ake ta yaɗawa a kan yadda sabuwar za ta kasance, ka ce mu ji ra'ayinsa. To, ranar hutu muka je gidan, ni da maigida da yara. Ka san surukinka da kayan zamani, in ya ji an ce sabo ko abinci ba ya iya ci. Shi ya zauna a falo yana karanta mana, yana lumshe ido kamar shi ya ƙera ta. Wai za ta yi sirara har a iya sa ta cikin ambulan. Wai za a toshe duk ramukan gefenta, na filashin ajiye bayanai da na iyafis ɗin sawa a kunne da sauransu, a bar ƙwaya ɗaya tak, ɗan mitsitsi, shi ne na caji, shi ne na komai. Wai igiyar cajar nan mai maganaɗisu, wadda da ka kai ta kusa take kama kanta, an gama da ita. Har layin madannai na sama wai za a cire, a sa gilashi mai santsi. Na ce masa ai jita-jita ce, masu kamfanin ba su ce uffan ba, kuma wasu ma cewa suke akasin haka za a yi. Ya ce ni dai ban san ci gaba ba.

Daga nan ya gangara kan abin da mutane suka rubuta a ƙasan labarin, muka sha dariya. Wani mai ɗaukar hoto ya rantse ko kyauta aka ba shi ba zai karɓa ba. Wata malama ta ce an rage wa kwamfuta nauyi an ƙara wa jaka, don sai ka sayi tarkacen mahaɗai na jona kaya kana yawo da su. Wani kuma ya ce duk mai kukan rami tsoho ne, ya koma wa keken rubutu. Gwaggo da ke yankan albasa a bakin ƙofar kicin ta ce ita dai ba ta gane ba, ta yaya za a rage wa abu ƙofofi kuma a ƙara masa kuɗi. Ta ce ko mai ɗinki in ya manta bai sa aljihu ba haƙuri yake bayarwa, ba ya cewa sabon yayi ne.

Duk wannan hira Baba yana teburinsa na bakin taga, iyafis a kunne. Ka san tun da ya bar aikin buga takardu a kotu abin da ke riƙe da shi ke nan, ɗalibai da masu bincike su kawo masa hirar da suka naɗa a filashi, ya saurara ya mayar musu da ita rubutu. Mun ɗauka ba ya jin mu. Sai kawai muka ga ya zare iyafis ɗin, ya ce a maimaita masa maganar igiyar. Maigida ya maimaita yana murmushi. Yaya, ban taɓa ganin Baba haka ba, ko ranar da ka fasa masa gilashin agogo. Ya buga teburi har kofin shayi ya yi tsalle. Ya ce ba ya so, kada a kawo masa, in an kawo zai ajiye ta a bakin titi. Ya ce su wa aka tambaya kafin a yanke wannan hukunci. Sannan ya ce: “Wanda ya cire igiyar nan bai taɓa tsufa ba.”

Muka ɓige da dariya, don mun ɗauka rigimar tsufa ce. Har na tsokane shi na ce Baba ya zama lauyan igiya. Bai yi dariya ba, ya mayar da iyafis ɗinsa ya juya mana baya. A hanyar gida maigida ya ce shi ya san maganin abin, tsoron abin da bai taɓa riƙewa ba ne kawai ke damun Baba. Tasa laftof ta ofis irin mai ƙaramin ramin ce, zai kawo ta Baba ya gwada da hannunsa, ya ga babu wani abin tashin hankali. Ni ma na ga dabara ce mai kyau.

Da hutu ya zagayo muka koma da ita. Rana tsaka ce, labule a buɗe, haske ya cika ɗakin. Maigida ya ture tsohuwar gefe, ya ajiye tasa a gaban Baba, ya miƙa masa igiyar ya ce bismillah. Baba ya so ya ƙi, amma ka san yana jin nauyin suruki. Ya karɓa, ya kai igiyar gefen kwamfutar ya tsaya, kamar mai jiran ta kama da kanta. Ba ta kama ba. Sai ya shiga bin gefen da babban yatsa, daga gaba zuwa baya, ya sake dawowa, yana laluben wani abu da babu shi. Maigida ya nuna masa da yatsa ya ce ga shi nan Baba, daidai nan. Ni ina tsaye a gabansa, ina kallon fuskarsa. Yaya, idonsa ba ya kan yatsan. Yana kallon wani wuri ne can gefe, wajen da babu komai sai teburi. Daga nan ya tura kan igiyar cikin ramin da iska ke fita, yana dannawa da ƙarfi. Wallahi a nan na gane Baba ba ya gani sosai.

Baba ya saki igiyar ya ce a ɗauke masa wannan abu. Ni kuma, don in samu abin yi da hannuna, na jawo tsohuwar zan mayar masa da ita. A nan yatsuna suka ji wasu 'yan ƙulle-ƙulle a gefenta. Na ɗaga ta na duba. Ɗigon gam ne ya bushe. Ɗaya a bakin ramin iyafis, biyu a bakin na filashi, wasu kuma a kan madannan sama, kowanne an ɗiga shi da kula. Na sha ganinsu, ina ɗauka datti ne. Na ɗauki iyafis ɗin na sa a kunne, na taɓa wani madanni, sai na ji wata murya tana faɗa mini sunan harafin, tana karanta duk abin da ke kan allon. Ashe ba hirar mutane kaɗai yake sauraro ba.

Na ce wa maigida ya fita da yara su sha iska. Shi kansa bawan Allah fuskarsa ta canza, ya rungumi kwamfutarsa ya fita kamar wanda ya yi sata. Na durƙusa a gaban Baba na ce tun yaushe. Da farko ya ce kwalliya ce yake wa kayansa, ina ruwana. Da ya ji ina kuka sai ya sauko. Ya ce abin ya daɗe, ta gefe ya fara, kamar ana jawo labule a hankali, har na dama ya rufe. Ya ce mai gyaran kwamfuta na bakin kasuwa ya sa masa muryar, ya ce masa hasken allo ne ke sa shi ciwon kai. Rubutu kuwa yatsunsa sun san hanya tun yana saurayi. Caji ne kawai zai tona shi, to igiyar ta rufa masa asiri, da ya kai ta kusa sai ya ji ƙas, ta kama. Na ce to me ya sa bai faɗa mana ba, mu ba 'ya'yansa ba ne? Ya ce ya san mu. Da mun ji za mu karɓe aikin, mu kwashe shi zuwa gidana, mu ajiye shi a kusurwa kamar buhu, kowa ya zo wucewa ya ce sannu Baba.

Gwaggo tana bakin ƙofa tana ji, ta dafe ƙirji tana salati. Sai ga shi tana ta haɗa abubuwa da kanta. Ta ce shi ya sa ya ajiye kekensa ya ce gwiwa. Shi ya sa yake sa yatsa a bakin kofi in yana zuba shayi, tana yi masa faɗan ƙazanta. Shi ya sa ranar da ta matsar da kujera don shara ya yi mata kaca-kaca. Ta ce gida ɗaya, tukunya ɗaya, ɗan'uwanta na makancewa ita tana lissafa masa laifi. Da ƙyar na lallashe ta, na rasa wa zan fara rarrashi a cikinsu.

Washegari na kai shi asibitin ido, bayan na yi masa alkawarin babu mai taɓa masa aiki, babu mai fitar da shi daga ɗakinsa. Na yi alkawarin da sunana da naka, don haka kada ka ba ni kunya. A can aka zaunar da shi gaban allon haruffa. Baba da ya yi rayuwarsa cikin haruffa, babban nan na sama bai gani ba. Da wata ma'aikaciya ta riƙe masa hannu, godiya ya yi mata da irin muryar da yake mini, ya ɗauka ni ce. Likita ta ce hawan jinin ido ne, irin mai cin gani a ɓoye ba tare da ciwo ba. Ta ce na dama ya tafi, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Na hagu da saura kaɗan. Ta ba da maganin ɗigawa, ta ce wataƙila a yi aiki don a riƙe abin da ya rage. Na matsa mata ta faɗa mini tsawon lokacin da zai riƙe, ta ce ba za ta yi mini alkawarin da ba ta da iko a kai ba. Da an zo da wuri, in ji ta, da labarin ya sha bamban. Har yanzu in na tuna wannan magana sai in ji kamar an watsa mini ruwan sanyi.

Saboda haka maganar sabuwar laftof ka ajiye ta. Ko sun toshe ramukan, ko sun ƙara mata goma, su ta shafa. Tsohuwar ita ya sani, ita ta san shi. Maigida da kansa ya shiga kasuwa neman irin igiyar don a samu ta ajiya, kuma tun ranar ban sake jin kalmar ci gaba a bakinsa ba.

Saura abu ɗaya, kuma saboda shi na zauna rubutun nan. Da muka dawo daga asibiti na ce masa zan gaya maka, ina jiran ya hau ni da faɗa. Sai kawai ya ce in ba shi hotonka na cikin wayata, wanda ka turo kana tsaye da yara. Na ba shi. Ya kai shi dab da idon hagu, ya karkata shi nan, ya karkata can, ya matsar ya dawo da shi. Ya ce farar riga kawai yake gani. Ashe duk kiran bidiyon da kake yi yana cewa ka yi ƙiba, ka yi furfura, daga bakin Gwaggo yake ji. Ya miƙo mini wayar, ya ce in zagayo in zauna inda hasken taga zai sauka a fuskata. Na zauna. Ya matso sosai har ina jin numfashinsa, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce:

“Ke ina ganinki. A haka, da rana, in an matso, ina gani. Ki ce wa yayanki ya bar kwamfutar nan. Ya zo ya zauna a inda kike.”

Ban ƙara komai a kai ba, Yaya. Na san aikinka, na san nisan hanya, na san ba a tashi tafiya irin wannan rana ɗaya. Ba zan sa maka rana ba. Na dai faɗa maka abin da likita ta ce, na kuma faɗa maka abin da ya ce.

Ka gaishe mini da Anti sosai, ka ce na ga zanen da ta aiko, Allah Ya saka da alheri. Ka shafa mini kan Babban Yaya da 'Yar Auta, Allah Ya raya su Ya yi musu albarka. Maigida yana gaishe ka, Gwaggo ma haka, ta ce ka sa ta a addu'a. Na tambayi Baba ko in sa tasa gaisuwar, ya ce a'a, in ka zo kwa gaisa.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Maman 'Yan Biyu