Taki Goma Sha Ɗaya Daga Gawo

Magariya, 6 ga watan Yuli

Zuwa ga Yaya Tabawa, a Abijan.

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki cikin sauƙi. Yaya jikin? Kumburin ƙafafun ya sauka kuwa? Ina gaida maigidanki, da Ammar, da Nazifa wadda na san ita ce za ta karanta miki tun da idon ya ƙi. Mu nan lafiya muke, Rahma da yara suna gaishe ki. Ruwa ya zauna, hatsi ya fara rufe ƙasa.

Kada ki ji haushi don ban amsa miki da saƙon murya ba. Baki yana gudu ya bar hankali a baya. Abin da na rubuta da bik kuwa ina iya duba shi sau uku kafin in ɗauki hotonsa da salula in aiko. Kin san ban zauna lakwal ba, a ƴan littattafan yaƙi da jahilci na koyi baƙi, shi ya sa nake tsoron kuskure.

Na yi farin ciki da jin za ku zo cikin watan Agusta, bayan shekara ashirin da bakwai rabonki da gida. Kin ce in tsara wuraren da za a kai yaran su gani, tun da ba su taɓa taka ƙasar nan ba. Aikina ne, domin shekara goma sha biyar na yi ina gaban baƙin foroje, masu aikin raya karkara, ina nuna musu gari da ƙauyuka. Duk da haka ban dogara da tsohon sani ba, na hau moto na sake zagaya kowane wuri da kaina.

Kasuwar gari tana nan yadda kika san ta, sai dai ta ninka. Mu shiga da hantsi kafin cunkoso, ta ƙofar masu tabarmi, inda akwai benci da za ki huta. Fadamar rake ta wajen Bande ita ce za ta fi burge yara. Mota tana kaiwa har bakin lambu, ba sai kin taka da nisa ba, na auna, taki sittin ne. Marina kuwa ta ba ni tausayi. Ramuka goma sha ɗaya muka sani, yanzu biyu suka rage, da tsoho ɗaya mai shuɗin hannu. Da na ce masa zan kawo baƙi daga Abijan, sai ya ce in gaggauta, domin shi da ramukan tare suka yi alkawarin rufewa.

Tafkin da kike wanki kina yarinya na cire shi daga jeri. Yashi ya cike rabinsa, leda ta cike sauran. Gara ki riƙe wanda yake cikin ranki. Kasuwar Mallawa ma na cire, hanyar da damina ba ta mai ciwon ƙafa ba ce.

Abin da nake alfahari da shi shi ne gonakin gawo. Lokacin da kika tafi, mutum yana tsaye a ƙauyenmu Rijiyar Tsoho yana hango ƙauye na gaba, babu itace a tsakani. Mu muka bi gona gona da littafin sassaben zamani, muna roƙon manoma kada su sare ƙananan gawo idan sun tsiro, su gyara su su bar su. Yau ƙasar ta zama kurmi. Nasaru daga nesa suke zuwa ɗaukar hoto. Sai dai ki faɗa wa yara kada su yi zaton itatuwan sun mutu, gawo da damina yake zubar da ganye.

Batun ziyarar kabarin Inna da kika sa a ƙarshe, wannan ba abin damuwa ba ne. Yana rubuce a cikin karnena, ɗan littafin nan nawa na aljihu, tun ranar da aka sa ta. Zan leƙa cikin makon nan in share wurin.

Allah ya ƙara sauƙi, ya kawo ku lafiya.

Ƙanenki,
Ɗanasabe

Magariya, 21 ga watan Yuli

Zuwa ga Yaya Tabawa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da jiki, ina gaida mutanen gida baki ɗaya. Mu nan kalau, sai godiyar Allah.

Saƙonki ya iso, na saurare shi sau da yawa. Kin yaba jerin wurare a gurguje, sa'an nan kika tambaya ko akwai sauran fili kusa da Inna. Yaya, ni ba yaro ba ne. Mai zuwa yawon buɗe ido ba ya tambayar fili. Na gane abin da likitocin can suka faɗa miki, na kuma gane wannan zuwa ba na kallon rake ba ne. Allah shi ne mai rayuka, ba likita ba. Amma tun da kin tambaye ni da gaske, ba zan amsa miki da ƙarya ba. Nazifa, ki karanta yadda na rubuta, kada ki tsallake ko layi ɗaya don ki rufa wa kawunki asiri.

Na ɓatar da kabarin Inna.

Ranar da aka sa ta kina Abijan da tsohon cikin Ammar. Da mutane suka watse na tsaya ni kaɗai. Kin san ba ma rubuta suna a kushewa, sai ɓallin tukunya da ƙaya, waɗanda damina biyu ke gamawa da su. Don haka na nemi shaidar da za ta daɗe. A duk filin nan itace ɗaya ne tak, wani babban gawo. Na jingina bayana da shi, na fuskanci gabas, na taka har kan kabarin, na rubuta: taki goma sha ɗaya daga gawo. Na ga kaina mai dabara a ranar.

Shekarun farko ina zuwa kowace sallah. Daga kan Inna ba a sake sa kowa a can ba, aka buɗe sabuwar maƙabarta a kudancin gari. Aikin foroje ya yi yawa, zuwana ya ja baya. Shekara goma sha uku ke nan da wani ya tare ni a kasuwa ya ce iska ta kayar da babban gawon nan. Na ce gobe zan je in kafa wata alama. Goben ba ta zo ba. Da aka yi wata shida sai kunya ta kama ni, da aka yi shekara sai tsoro. Duk lokacin da kika kira kika ce ko na gaida Inna, na ce na je, daga ɗakina nake yi mata addu'a. Addu'ar gaskiya ce, zuwan ƙarya ne.

Ranar Asabar na tafi Rijiyar Tsoho da karnen a aljihu. Yaya, na tsaya a wurin na ƙidaya gawo arba'in da uku. Duk sun yi tsirara, duk kamanninsu ɗaya, kuma ni ne na koya wa mutane su bar su. Babu kututture, babu tudu, babu ɓallin tukunya. Ƙasa ta yi wa mutane kaɗan, gona ta ci tsohuwar maƙabartar sannu a hankali, hatsin wani magidanci mai suna Sadiƙu ne a kai, ya kai ƙirji. Na jingina da gawo bakwai ɗaya bayan ɗaya ina takawa gabas kamar mahaukaci, har mata masu kai abinci gona suka tsaya suna tambayar ko allura na yar.

Na je wurin Liman Goni, wanda ya yi mata salla. Ya tsufa ƙwarai amma hankalinsa garau. Ya tuna cewa ita ce ta ƙarshe a layin arewa, amma ina layin yake yanzu, bai sani ba. Ya ce in daina wahalar da kaina, in kai ku gindin kowane gawo mu ɗaga hannu, addu'a ba ta ɓatan hanya. Ya ce mutanen da ke zuwa daga nesa abin da aka nuna musu suke gani. Na san gaskiya ya faɗa game da addu'a. Na biyun ma gaskiya ne, ni na fi kowa sani, shekara goma sha biyar ina nuna wa baƙi abin da na ga dama. Amma ke ba baƙuwa ba ce, kuma ba addu'a kaɗai kika tambaya ba.

Ki ba ni mako biyu. Idan kin ga ba za ki iya yafe mini ba, ba zan ce kin zalunce ni ba.

Ƙanenki mai laifi,
Ɗanasabe

Magariya, 4 ga watan Agusta

Zuwa ga Yaya Tabawa.

Ina yi miki sallama, ina tambayar jiki da kwanan gida. Nazifa ta sanar da ni cewa kin ji takardata har ƙarshe, kika juya fuska bango. Na karɓi wannan a matsayin amsa. Ga abin da ya biyo baya.

Na tambayi manoma tara, kowa ya nuna mini wuri dabam. Rahma ce ta ce ina tambayar waɗanda ba su dace ba. Manomi ƙasa yake kallo, mai kallon gawo shi ne mai shanu, tun da ƴaƴansa yake kaɗo wa dabbobi da rani. Haka na nemo Yero, wani dattijon Bafulatani da ke zaune da iyalinsa a hanyar Dungas, yana noma yana kiwo.

Da na gaya masa damuwata ya daɗe yana dariya, ba ta mugunta ba. Ya ce mai karne ya zo tambayar mai sanda. Ya ce wannan gawon ya san shi kamar yadda ya san haƙoran bakinsa, shekara talatin yana hawansa, daga kansa ma ya faɗo ya karya kafaɗa. Na ɗauko shi a moto. Bai dubi itatuwan ba sam. Ya tsaya ya daidaita rijiyar gari da wani tudun gara, ya shiga hatsin Sadiƙu yana caka sanda, ya tsaya ya ce a tona nan. Muka tona da hauya kamu biyu, sai ga ruɓaɓɓiyar saiwa mai kaurin cinyar mutum. Duk ƙananan gawon da ke wurin babu mai irinta.

Na tsaya a kai, na fuskanci gabas, na taka. A taki na takwas hatsi ya ƙare. Na sha ɗaya ya sauke ni a tsakiyar hanyar amalanke.

Yaya, hanyar nan ba ta nan a da. Amalanke ne suka fitar da ita bayan gawon ya faɗi. Kuma na san ta. Ita ce nake bi da baƙin foroje idan zan kai su inda itatuwa suka fi kyau a hoto. Na duba tsofaffin karnena, na samu sau tamanin da huɗu na ratsa ta, wani lokaci da motoci uku a bayana. Ina bi ta kan Inna ina nuna wa Nasaru sama da yatsa. Na zauna a gefen hanya. Yero bai ƙara dariya ba, ya cire malfarsa ya tsuguna kusa da ni.

Dole in gaya miki inda shakka take. Wanda ya yi takun farko ɗan shekara ashirin da takwas ne, wanda ya yi na yanzu gwiwarsa tana ciwo. Takuna ya gajarce, ban san da nawa ba. Don haka na ɗauki daga taki tara har zuwa sha huɗu. Ba zan rantse miki cewa ga daidai inda kanta yake ba. Zan iya rantsewa tana cikin wannan fili.

Toshe hanya ba abu ne mai sauƙi ba, domin dole amalanke su kauce ta cikin gonar Sadiƙu. Da farko ya ƙi, ya ce shekara goma sha uku ban tuna da uwata ba sai da hatsinsa ya kusa fitar da kai. Ban musa ba, gaskiya ce. Liman Goni ya hau amalanke aka kai shi wurin, ya tuna wa Sadiƙu cewa kakarsa ma tana ƙarƙashin wannan hatsi. Washegari Sadiƙu ya zo da kansa ya tuge kunya shida, ɗanyen hatsi, bai yarda na taɓa ko ɗaya ba, bai kuma kalle ni ba har ya gama.

Mun kewaye wurin da ƙaya. A maimakon itace na samo tsohon ƙarfen gindin amalanke na kafa shi, rabinsa a ƙasa. Itace yana faɗuwa, yana kuma haihuwa. Ƙarfe ba ya yin ko ɗaya. Na nuna wa ƴaƴana uku wurin, zan kuma nuna wa Ammar, domin na daina yarda da abin da mutum ɗaya ya sani.

Yanzu amsar tambayarki. Tun da Inna ce ta ƙarshe a layin arewa, Liman ya tabbatar ba a taɓa haƙa komai a arewa da ita ba, ya kuma ce babu laifi a sa wani a can. Na faɗaɗa shingen ta wannan gefe. Na auna, ya isa. Ban auna don ina so ba, kin tambaya ne. Ina roƙon Allah ya sa ƙayar ta ruɓe a sake wata sau ashirin kafin a buƙace shi.

Na sake tsara jerin. Rake da kasuwa da marina suna nan, idan kina da ƙarfi. Rijiyar Tsoho na mayar lamba ta ɗaya, ranar da kuka sauka, kafin a je ko'ina. Kada ki damu da ƙafafunki. Mota tana kaiwa har bakin ƙayar, ba za ki yi ko taki biyar ba. Hanyar mai kyau ce, na sha binta.

Zan tsaya a tasha ranar sha bakwai tun da safe. Ko ba za ki yi mini magana ba, ki zo.

Allah ya ba ki lafiya, ya jiƙan Inna.

Ƙanenki,
Ɗanasabe