Sunaye Biyu na Shahida

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da duk mutanen gida a Gwiwa. Yaya ƙafar? An gama cirar gyaɗa lafiya? Maigidana da jikokinka suna gaishe ka.

Na rubuto ne don na san waya tana wahalar da kunnenka, maganar kuwa ba ta a ji rabi a bar rabi ba ce. Daudu direba zai ajiye takardar a Kazaure wajen Yaya Salisu, shi zai kawo maka.

Baba, akwai wata yarinya mai suna Shahida, 'yar rugar da ke bayan kasuwarmu ta Gwiwa. Ta ci jarrabawar shiga jami'a da maki mai kyau, muka ba ta gurbin likitancin dabbobi. Da muka zo tantance takardu a sashenmu na ɗaukar ɗalibai, sai aka ga ta sakandare ta ce Shahida Ukasha, ta shiga jami'a kuma ta ce Shahida Halliru. Kwamiti ya ce mutum biyu ne, wata ce ta zauna mata jarrabawa. Ba zan ɓoye maka ba, ni na fara sa wa fayil ɗin jan biro, ban ko ɗaga kai na dubi mai shi ba.

Kwana uku ita da mahaifiyarta Tasalla suna wuni a gindin darbejiyar ƙofar ofis. Rana ta uku uwar ta tare ni ta ce, "Ke ba 'yar Malam Hedimasta ba ce? Shi ya zo har ruga ya sa yarinyar nan a makaranta. Ya san wanda ya haife ta." Ashe Ukasha ne mahaifin, ya rasu tana goye, ƙanensa Halliru ya riƙe ta, sunansa kuma aka sa mata a katin ɗan ƙasa. Kunya ta hana ni cin abinci ranar.

Sun kawo takardar rantsuwa daga kotu, shugaban kwamiti ya ce bai gamsu ba, tun da sai da magana ta taso aka yo ta. Yana son shaidar da ta girmi rigimar. Shi ne na tuna rajistar shiga aji ɗaya da kake cikewa da hannunka. Don Allah ka aika a nemo ta shekarar 2012. Ran Juma'a sha biyar ga wata za a rufe tantancewar. In ba a samu ba, ba gurbin kaɗai za ta rasa ba, sunanta zai shiga jerin masu maguɗin jarrabawa.

A gaida Inna, a sa mu a addu'a.

'Yarka,
Khairiyya

Alhamis, 14 ga Nuwamba, 2024

Babana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya, gajiyar hanya kuma ta sake ka.

Yaya Salisu ya ba ni labari kaf. Cewa na yi ka aika, Baba, ban ce ka hau acaɓa da wannan ƙafar ba. Ya ce da ka je makaranta aka gaya maka tun shekarar da iska ta yaye kwanon ofis, tsohon mataimakinka Malam Muhammadu Lawal ya kwashe rajistocin ya adana a gidansa, shi kuwa yanzu yana Roni. Ya ce kun wuni ku biyu kuna zazzage buhuna a zaure har kuka gano ta. Ba zan iya yi maka faɗa ba, amma Inna ta yi a madadina.

Jiya kwamiti ya zauna. Na ajiye rajistar a kan tebur, gara ta ci gefenta amma rubutun yana nan. Lamba ta sha bakwai: Shahida Ukasha, uba marigayi, mariƙi Halliru. Shugaban kwamiti ya daɗe yana kallo, ya tambayi wa ya ja wannan layi na mariƙi da biro, tun da babu shi a bugun littafin. Na ce mahaifina ne.

Duk da haka ya ce littafi ya nuna akwai yarinya mai sunaye biyu, bai nuna ita ce wannan ba. Ya sa aka shigo da Shahida, ya rufe shafin da tafin hannu, ya ce ta faɗi mutum uku da suka yi aji ɗaya. Sai ta fara daga lamba ta ɗaya, yadda ake kiran suna da safe, ɗaya bayan ɗaya. Tana kaiwa Bahijja Daudu, ta goma sha shida, sai ta tsaya. Ya ce ta ci gaba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni ce ta gaba." Ya ɗaga hannunsa ya duba, ya jawo fayil ya sa hannu.

Ban san da bakin da zan gode maka ba. Allah ya saka da alheri, ya ƙara nisan kwana. Ka miƙa godiyata ga Malam Muhammadu.

'Yarka,
Khairiyya

Asabar, 8 ga Fabrairu, 2025

Babana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka da ta Inna, ina sanar da kai jiya aka rantsar da sababbin ɗalibai, Shahida tana cikinsu. Rigar bikin ta yi mata yawa, sai da muka kama kafaɗar da allura. Ga hoto nan.

Akwai abin da ban taɓa faɗa maka ba. Shekara shida ina wannan aiki ina ganin ban kai ba. Ƙawayena suna koyarwa ana kiransu Dokta, ni kuwa ina tsakanin fayil da hatimi. Har na rubuta takardar neman canjin sashe tun bara, tana cikin durowa. Na yaga ta.

Magatakarda ya amince da shawarar da na kai masa, cewa kafin yara su cike fom ɗin bana mu zaga makarantun sakandare mu duba musu sunaye da takardu tun a gida. An ba ni Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura. Daga Kanya Babba ta Babura zan fara, ranar Talata ta sama, in kwana a gida.

Bayan taro Tasalla ta zo ofis da ƙwaryar man shanu. Na ba ta haƙuri, na ce dokar aikinmu ta hana mu karɓar komai daga iyayen ɗalibai. Ta ɗaure kayanta ba ta ji haushi ba, ta ce, "To, Malam ai ya yi ritaya, babu dokar da ta hau kansa." Saboda haka ranar kasuwa ka sa ran baƙuwa. Don Allah, Baba, kar ka mayar mata da shi.

Ka huta lafiya.

'Yarka mai yi maka addu'a kullum,
Khairiyya