Inna, Darasina Ya Bi Shanu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Dije,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Na san masu bibiyar shafina ne za su karanta wannan wasiƙa, ba ke ba. Amma ke kaɗai nake son tambaya.

Har yanzu ina koyarwa a firamare a Basirka. Bayan rasuwarki na ɓullo da wani abu. In an tashi, sai in zauna a gindin darbejiya in ɗauki darasin ranar da muryata a waya, in ɗora a shafina, in tura wa iyayen yara. A wajenki na samo dabarar. Ba ki taɓa shiga aji ba, amma kina tankaɗe rediyo na gefenki, har kin fi Baba sanin labarin duniya. Kikan ce, "Kunne ba ya neman fitila."

Da farko abin gwanin daɗi. Akwai Ramatu, 'yar masu shanu daga wajen Farin Dutse, wadda da damina ba ta zuwa sai jefi-jefi. Yayanta ya zuba mata darussan a wata tsohuwar waya, tana kiwo tana saurare. Ranar da ta dawo ta zayyano min sassan tsiro tiryan-tiryan, har da tarin da na yi a tsakiya. Aji ya kwashe da dariya, har da ni. Akwai kuma Habu mai larurar ido, wanda babarsa ta hawo acaɓa har gida don ta yi min godiya.

Sai jarrabawa ta zo. Wallahi, Inna, Ramatu ta san amsoshin nan. Amma ta ƙura wa takarda ido, ta kasa karanta tambayoyin. Ta rubuta sunanta, ta ajiye biro, ta ɗago ta dube ni. Hedimasta ya kira ni ofis ya ce, "Malama Binta, kin koya mata ji, kin hana ta karatu." To amma ba don muryar nan ba, ai da tuni mun daina ganinta.

Ga kuma Sale, wanda sanƙarau ya tafi da jinsa. Shi da allo sai Allah, kafin in gama rubutu ya kwafe. Muryar ba ta amfane shi da komai ba. Rannan na tarar yara sun yi cincirindo a kan waya suna saurare suna ta dariya. Shi ma ya kutsa, ya manna kunnensa a jikinta, yana dariya don ya ga suna yi. Na koma ofis na kasa cin abinci.

Yanzu ina cika allo da rubutu, kuma Ramatu na tsayawa muna haɗa baƙi. Kunya take ji, don ƙannen bayanta sun wuce ta. Babanta kuwa ya aiko cewa tunda waya na koyar da ita a daji, mene ne na wahalar zuwa? Hedimasta ya ce in daina ɗaukar darasi a waya. Babar Habu ta ce don Allah kar in daina. Kowa na saurara sai in ga shi ke da gaskiya.

Jiya na danna wayar, na yi sallama, sai na rasa da wa nake magana. Na goge.

Innata, da kina nan da na zo na ɗora kai a cinyarki, ko ba ki ce komai ba.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sada ki da iyayenki a Aljanna. Ni kuma ya fahimtar da ni, kada in yar da ɗan wani a hanya ina zaton taimako nake yi. Amin.

Taki har kullum,
Binta